Filin Tambaya da Amsa: Shin In Ci Gaba da Ɓoye Cewa Ni Bazamfare Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a nan Arewa, ina aji biyu, kuma asalina mutumin ƙaramar hukumar Maru ne a Jihar Zamfara. Tun ranar da na sauka a ɗakin kwanan ɗalibai na faɗi inda na fito, abokan zamana suka laƙaba mini suna "ɗan bindiga", idan wayar wani ta ɓace ni ake fara kallo, har ma wani malami ya taɓa cewa a cikin aji in ban da ta'addanci da jahilci babu abin da ake nomawa a jiharmu, aka yi ta dariya. Yanzu duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce masa ni Basakkwace ne, domin in huta. Amma abin yana ci mini rai, musamman idan na tuna cewa mahaifina ya shekara uku bai taka gonarsa ta daji ba, kuma shanun huɗarsa ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta. Malam, shin muna da abin da za mu ɗaga kai da shi kuwa, ko dai gaskiya suke faɗa?

Daga wani ɗalibi, mutumin Maru.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne batun mahaifinka, domin amsar tambayarka tana cikin labarinsa. Mutumin da aka raba shi da gonarsa da bakin bindiga, ya sayar da shanun da yake huɗa da su don ɗansa ya yi karatu, shi ne Bazamfaren da ya kamata a riƙa tunawa idan an ambaci sunan jihar. Shi aka zalunta, amma ɗansa ake yi wa laƙabi da sunan azzalumin. Wannan juya magana ce mai muni, kuma ita ce tushen duk baƙin jinin da ake shafa wa Zamfara a yau.

Ba zan yaudare ka da cewa babu matsala ba, domin kai ka fi ni sanin irin daren da ake kwana a ƙauyukanku. An kashe mutane fiye da ɗari a 'Yargaladima cikin watan Afrilun 2014, a ƙasar Ɗansadau da ke cikin ƙaramar hukumarku. An kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, wanda shi ma ɗan Gusau ne, ya lissafa mata kusan 5,000 da aka kashe wa mazaje, da marayu fiye da 25,000, da mutane fiye da 190,000 da aka kora daga gidajensu tsakanin 2011 da 2019. Duk wanda zai kare mutuncin Zamfara ta hanyar musanta waɗannan abubuwa ya ci amanar waɗanda suka mutu. Sai dai ina so ka sake duba alƙaluman da kyau, ka tambayi kanka su wane ne waɗannan zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira. Zamfarawa ne, Hausawansu da Fulaninsu. Jama'ar jihar sun haura miliyan uku tun a ƙidayar 2006, kuma masu ɗauke da makamai a dazuzzukan Kuyambana da Sububu da Dumburum ba su kai ko ɗigo ba a cikin wannan adadi, ga shi kuma ba duka ne ma 'yan asalin jihar ba. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ba a taɓa cewa garin ne ya ɓata waken ba.

Yana da kyau ka san yadda wutar ta tashi, domin mai yi maka gori yana ɗauka cewa wani mugun hali ne da ke cikin jinin mutanen wurin. Rikici ne da ya faro daga ƙasa da dabbobi. An yi shekaru ana yanka dazuzzukan kiwo da burtali da mashaya ana raba wa masu hali su yi gonaki, makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa, idan dabba ta shiga gona kuma a kai shi gaban hukuma a ci shi tarar da ta wuce ɓarnar sau da yawa. A gefe guda satar shanu ta ƙazanta, manomi da makiyayi duka suna kuka, babu wanda ya share musu hawaye. Da mutane suka ga hukuma ta yi nisa sai suka kafa ƙungiyoyin sa-kai, waɗanda wasu daga cikinsu suka shiga yanke hukunci da hannunsu, ana kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa a kashe shi ba tare da bincike ba, 'yan'uwansa kuma su koma daji su sayi bindiga su dawo ɗaukar fansa a kan ƙauye guda. Makamai suna shigowa ta iyakokin da babu mai tsaronsu, musamman bayan rushewar Libiya a 2011, kuɗin fansa kuma ya mayar da abin sana'a. Ko'ina aka haɗa waɗannan sinadarai, wato rashin adalci da talauci da faɗin daji da hukumar da ba a ganinta sai lokacin zaɓe, irin wannan miya za a sha. Shaida kuwa ita ce an kwashe ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina a Disambar 2020, da Kagara ta Jihar Neja a Fabrairun 2021, da Birnin Yawuri ta Jihar Kebbi a Yunin 2021, an kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022. Abokan ɗakinka da suke maka dariya, da yawansu daga waɗannan jihohi suka fito, kuma da sun yi tunani da sun tuna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Ka lura kuma da cewa hatta matakan da aka ɗauka don magance matsalar, talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗarsu. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka. Mai ƙaramin jari da ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ko ta Talatar Mafara ya zauna a gida, wanda aka kai wa hari kuma ya rasa hanyar da zai kira a kawo masa ɗauki. Mutanen da suka jure wannan duka, suna biyan harajin dole ga 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi, amma duk da haka suka ci gaba da fitar da hatsi zuwa kasuwannin ƙasar nan, sun cancanci a jinjina musu.

Na taɓa tsayawa a bakin wani titi a Gusau bayan la'asar, wata dattijuwa da goyo a bayanta, jikanta ne ba ɗanta ba, ta miƙo mini hannu. Ban san abin da ya sa na tambaye ta garinsu ba. Ta faɗa mini sunan ƙauyen, sa'an nan ba tare da na ƙara tambaya ba ta ce rumbu huɗu suka bari cike da dawa da gero, kuma a duk kaka ita ce take auna zakkar gidansu ta aika wa maƙwabta. Tana maganar tana kallon ƙasa, kamar mai neman afuwa a kan wani laifi. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji wani yana kiran Zamfarawa mabarata ko malalata, fuskar wannan baiwar Allah nake gani.

Yanzu bari in zo kan ainihin tambayarka, wato ko kuna da abin ɗaga kai. Jihar Zamfara ƙarama ce a shekaru, domin a ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, amma sunan Zamfara ya girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru. Daula ce mai cin gashin kanta, da sarakunanta da birninta mai ganuwa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 18 lokacin da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa. Zuriyar waɗannan sarakuna ce take Anka har gobe, da sarautar Sarkin Zamfara. Idan ka bi sunayen sarautun jihar kaɗai za ka karanta tarihi mai yawa a cikinsu: Sarkin Katsinan Gusau, da Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, da Sarkin Ƙayan Maradun, da Sarkin Burmin Bakura, da 'Yandoton Tsafe, da kuma Banagan Maru na garinku. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nuna wata al'umma da ta zo ta zauna, aka karɓe ta, ta yi ƙarfi har ta yi sarki.

Wanda ya ce jahilci kuke nomawa bai san 'Yandoto ba. Wannan gari da ke kusa da Tsafe cibiyar ilimin addinin Musulunci ne da ɗalibai suke yi wa tattaki daga nesa tun kafin jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun shafe kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna wa'azi da karantarwa, suka zauna a wurare irin su Faru, kuma da jama'ar Shehu suka shiga matsin yunwa da yaƙi a 1805, Zamfara suka nufa suka yi sansani a Sabon Gari. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, almajirin Shehu ne, Namoda kuma, wanda Ƙaura take ɗauke da sunansa, yana cikin jaruman da suka halarci cin Alƙalawa a 1808. A ɓangaren boko ma, kwalejin horon malamai ta Maru, a garinku kai tsaye, ita ce inda Malam Aminu Kano ya yi koyarwarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa gadan-gadan. Ina so ka riƙe wannan, domin da wuya malamin da ya yi maka ba'a ya san shi.

Duk da haka gaskiya ce cewa ilimin zamani ya koma baya ƙwarai a jihar, kuma an ji kunya a 2018 da aka ba da labarin cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya daga duk faɗin Zamfara. Wannan laifi ne, amma laifin waɗanda aka damƙa wa amanar makarantu ne, ba na yaron da ya tarar da aji babu rufi babu malami ba. A jihar akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Gusau wadda mata zalla take horarwa, kuma cike suke da 'ya'yan talakawa masu ƙishin karatu irinka.

Ta fuskar arziki kuwa, mu da muka ga Gusau a da muna iya ba da shaida. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda tun 1929, kuma Turawa ba su shimfiɗa shi don ƙaunar kowa ba, sai don gyaɗa da audugar da ƙasar take fitarwa. Na tuna saukata a tashar jirgin Gusau ina saurayi, na tarar da dilolin auduga jibge sun fi tsayin mutum, ƙurar kaɗa tana tashi fari fat daga injin gurza, ma'aikatan masaƙa kuma suna fitowa a kan kekuna idan an tashi aiki har sai mai tafiya a ƙasa ya raɓe gefe. A garin akwai Yarbawa da Ibo da Nufawa da aka haifi iyayensu a nan, suna jin Zamfarci kamar kowa. Masaƙar ta mutu kamar yadda takwarorinta na Kaduna da Kano suka mutu, jirgin ya daina zuwa, amma ƙasar noman tana nan. Ɗansadau kaɗai, da masararta da dawarta da waken suyarta, ta isa ta ciyar da jama'a mai yawa, ga ta kimanin kilomita 100 daga Gusau, amma an bar hanyarta ta lalace shekara da shekaru har sai da ta zama ba a binta sai da rakiyar sojoji.

Akwai abubuwa biyu da nake so ka sani game da yadda arzikin jihar ya riƙa zame wa talakanta wahala, domin su ne ke nuna cewa Bazamfare ya daɗe yana biyan bashin da ba shi ya ci ba. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978 domin noman rani. An tashi dubban manoma daga gonakinsu na fadama, diyya ta yi ta jan ƙafa, da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Na biyu shi ne zinari. Da farashinsa ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga haƙo duwatsu suna kawowa cikin gida, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana dakawa a turmi a tsakar gidan da yara suke rarrafe, ba tare da kowa ya gaya musu cewa akwai gubar dalma a cikin dutsen ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka gano abin da ke faruwa, bayan yara sun yi ta suma suna mutuwa, kuma aƙalla yara 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Zinarin ya tafi inda ya tafi, ya azurta waɗanda ba su taɓa kwana a Bagega ba, ƙananan kaburbura kuma suka rage wa iyaye.

Wasu kuma, musamman a Kudu da ƙasashen waje, da batun Shari'a suke auna jihar, tun da ita ce ta fara shelar faɗaɗa aiki da ita a watan Oktoban 1999 a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Ana iya muhawara a kan yadda 'yan siyasa suka tafiyar da lamarin, kuma Musulmi da yawa sun yi wannan muhawarar, amma jihohi goma sha ɗaya sun bi sahu a cikin shekara biyu, saboda haka ba daidai ba ne a ware Zamfara ita kaɗai a ce nan ne matattarar tsanani. Talakan da ya cika filin taro a Gusau a wancan lokaci adalci yake nema, irin adalcin da rashinsa ya jefa jihar cikin halin da take ciki.

Kada in manta da harshe, domin na san har da shi ake yi muku dariya. Wannan Hausar taku da kuke cewa "mi" a inda Bakano zai ce "me" ita ce Hausar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi suka yi waƙa da ita, kuma har yau a jami'o'i ana rubuta kundayen digiri a kan azancin da ke cikinta. Kada ka murɗe harshenka don wani.

Shawarata gare ka, ɗana, ita ce ka daina cewa kai Basakkwace ne. Sakkwato gida ce, babu aibu a cikinta, amma ƙarya ce, kuma duk ranar da ka faɗe ta kana taya masu gorin tabbatar da cewa asalinka abin kunya ne. Idan aka sake kiranka ɗan bindiga, kada ka yi faɗa kuma kada ka yi dariyar yaƙe. Ka dubi mai maganar ka gaya masa cikin natsuwa cewa 'yan bindiga su ne suka hana mahaifinka gonarsa shekara uku, ka tambaye shi ko zai so a kira shi da sunan wanda ya cuci ubansa. Yawancinsu ba mugunta ce ta sa su ba, rashin tunani ne, kuma za ka ga jikinsu ya yi sanyi. Shi kuwa malamin, ka same shi a ofishinsa cikin ladabi ka gaya masa cewa maganarsa ta yi maka ciwo, ka kuma gaya masa dalili. Idan mai mutunci ne zai gyara, idan kuma ya maimaita, akwai shugaban sashe da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku a makarantar, domin na tabbata ba kai kaɗai ne kake ɓoyewa ba. Allah Ya mayar da mahaifinka gonarsa lafiya, Ya sa ka saya masa shanun da suka fi waɗanda ya sayar.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Wani yaro ɗan Gusau, ma'aikacin asibiti, yana neman auren 'yata, kuma ba mu ga wani aibu a tare da shi ba. Amma 'yan'uwan mahaifinta sun ce ba za su kai ɗiyarsu ƙasar masu satar mutane ba. Ina neman shawara.

Daga wata uwa a Zariya.

AMSA

Hajiya, barka kadai. Akwai abubuwa biyu a cikin maganar 'yan'uwan maigidanki, kuma ya kamata a raba su. Idan tsoron hanya suke yi, suna da hujja, domin titin Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe ya sha fama da masu tare matafiya, kuma duk mai hankali zai yi tunanin yadda za a riƙa zumunci. Wannan abu ne da ake zama a tattauna da yaron da magabatansa: a wace unguwa zai ajiye ta a cikin Gusau, ko aikinsa yana kai shi ƙauyuka, kuma wane tsari za a yi na tafiya, wanda mutanen can sun riga sun saba da shi, wato a tashi da hantsi, a guji tafiyar dare da ta asuba, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a kama ta. Cikin garin Gusau kuwa ana kasuwa, ana makaranta, ana ɗaurin aure kowace Juma'a da Asabar, ko da yake unguwannin da ke bakin gari sun fi bukatar a yi taka-tsantsan.

Idan kuma nufinsu shi ne yaron ko danginsa ba abin yarda ba ne saboda jihar da suka fito, to wannan zato ne marar tushe, kuma addini bai yarda a hukunta mutum da laifin wani ba. A yi masa binciken da ake yi wa kowane mai neman aure. A tura dattawa biyu su je Gusau su kwana, su ga gidansu, su yi salla a masallacin unguwarsu, su tambayi liman da mai unguwa da abokan aikinsa game da halinsa da na iyayensa. Ina ba da shawara a sa wanda ya fi kowa adawa da auren a cikin masu tafiyar, domin idan ya dawo shi ne zai yi wa sauran bayanin abin da idonsa ya gani.